Waƙar shagon aski: abin da nake rubutawa kan atisayenmu mu huɗu a Kolambus ta jihar Ohayo

Talata, 9 ga Janairu 2024

Yau muka yi zaman farko mu huɗu a ɗakin ƙasa na gidan Malam, tsohon malamin kiɗa ne na sakandare da ya yi ritaya, ni na laƙa masa Malam ɗin kuma har ya saba yana amsawa. Na ce bari in riƙa rubuta abin da muke yi, saboda abokai na Zariya sun dame ni da tambaya wai wace irin waƙa ce wannan ba ganga ba garaya ba fiyano, kuma ni ma in san inda kuɗina ke tafiya.

A nan Amurka ana ce mata barbershop, wato waƙar shagon aski, mutum huɗu ne kawai da makogwaronsu. Akwai lid, shi ke riƙe da ainihin karin waƙar, wanda kowa zai tafi gida yana rerawa. Akwai tena, shi yana sama da lid da siririyar murya. Bes yana can ƙasa. Sai bari, wato ni, duk sautin da ya rage bayan su ukun sun ɗauki nasu shi ake miƙa min, wani lokaci ina saman lid wani lokaci ina ƙasansa, in ka ji layina shi kaɗai ba za ka ce waƙa ba ce. Malam ne tena. Lid ɗinmu abokin aikina ne a babban siton da muke lodin kaya, shi ya ja ni wajen taron ƙungiyarsu tun watan Oktoba. Bes kuma wani dattijo ne baƙar fata, shekararsa 71, ya yi shekaru yana tuƙin bas, Baba nake ce masa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne mu a gida jagora ne zai bayar 'yan amshi su karɓa, ko mu ɗari ne layi ɗaya muke bi, haka muka yi a Islamiyya haka mata ke yi a wajen biki. A nan kalma ɗaya muke furtawa a lokaci ɗaya amma kowa da tsayin muryarsa daban, kuma ba a so ka bi na kusa da kai.

Kuɗin yau: 'yar usur ɗin da ake ɗaukar murya da ita dala 27, takardun waƙa biyu kwafi huɗu-huɗu da faifan koyo, rabona dala 14.

16 ga Janairu

Ba atisaye, sanyi ya yi tsanani, Baba ya ce ba zai fito ba kuma ba wanda ya ga laifinsa. Ina ta sauraron faifan koyon a mota, layina a kunnen hagu sauran ukun a na dama. Ba na iya karanta rubutun kiɗa tukuna, da ka nake haddacewa kamar yadda muka yi a allo.

23 ga Janairu

Yau na sha wuya sosai. Zan fara daidai, layi biyu uku lafiya lau, da zarar lid ya ɗaga murya sai in tsinci kaina na koma cikin nasa ban ma sani ba, sai Malam ya ɗaga hannu a tsaya. Sau tara muka tsaya a wuri ɗaya, na ƙirga. Raina ya ɓaci har na ce ko dai su nemi wani, don akwai mutane a ƙungiyar da suka shekara talatin suna yin bari. Baba ya ce in zauna. Ya ja ni kusa da shi, dama haka ake tsayuwa, tena da lid da bes sannan bari a gefe, ya ce in cire kunnena daga lid gaba ɗaya in manna shi a muryarsa, daga kansa zan riƙa auna nawa. Mun gwada haka, ya ragu, ya koma sau uku.

Bayan nan Malam ya yi min bayanin abin da duk ake wahalar nan dominsa. Ya ce in muryoyi huɗu suka zauna daidai, girgizar sautinsu ta kasance 4 da 5 da 6 da 7, misali ɗaya na 200 a daƙiƙa, ɗaya 250, ɗaya 300, ɗaya 350, to sai ka ji wata murya ta biyar can sama wadda ba wanda ya yi ta. Kuma fiyano ba ya iya ba da wannan, don an ɗan karkata sautukansa saboda ya iya kiɗa kowace waƙa. Tsakanin maɓalli da maɓalli na fiyano kashi 100 ne, to sautin nan na 7 sai ka sauko da shi wajen kashi 31 ƙasa da na fiyano, na 5 kuma wajen 14. Kuma sau da yawa bari ake ɗora wa waɗannan. Wato ko na haddace layina daidai da fiyano ban gama ba, sai na ɗan sunkuyo da shi har sai ya zauna a cikin na sauran. Ban ji muryar ta biyar ba yau, amma dai na fahimci me ake nema.

30 ga Janairu

Atisaye awa biyu. Waƙa ta farko ta zauna, ta biyu saura. Muna farawa a sauti ɗaya mu ƙare ƙasa da shi, in aka busa usur a ƙarshe sai a ga mun zame. Malam ya ce numfashi ne da gajiya.

6 ga Fabrairu

Alhamdulillahi yau na ji ta. Ba ma a cikin waƙa ba, a jela ne, wato 'yan layukan ƙarshe da ake yankowa a rera su kaɗai don daɗi, mutum ɗaya ya riƙe sauti ɗaya dogo sauran su yi ta juyawa a kewayensa har a sauka. Karo na huɗu Malam ya yi min alama da yatsa in rage ƙarfi in sauko kaɗan, ina saukowa sai ɗakin ya cika, wani siririn sauti kamar an kaɗa bakin tasa yana yawo a saman kanmu, gashin hannuna ya tashi wallahi. Na waiga ina neman wanda ya shigo. Baba yana ta dariya yana buga kafaɗata, ya ce shi kenan an kama ni ba fita.

Abin da na lura shi ne ba ta zo ba sai da na daina jin kaina. Duk lokacin da nake jin muryata sarai to na yi yawa. Sai ƙarfe goma da rabi na dawo gida, maman yara ta ce me ya faru fuskata ke haske haka, na yi ta ƙoƙarin yi mata bayani na kasa.

An sa mu cikin masu fita ranar 14, ranar masoya da ake ce wa Valentine. Falmaran ja da ɗan ƙullin wuya dala 38, farar riga da baƙin wando dama ina da su.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Wannan al'ada ce ta ƙungiyoyin nan a duk faɗin ƙasar, mutum zai biya kuɗi a aika mutum huɗu su je su yi wa matarsa ko mahaifiyarsa waƙa biyu su ba ta fure da kati, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya. Na yi tunani sosai kafin in yarda, don ranar ba tamu ba ce. Na nemi a nuna min jerin wuraren, na ce ba zan shiga mashaya ba, suka sauya mana guda ɗaya ba tare da wani ja-in-ja ba. Na ɗauki hutun kwana ɗaya a wurin aiki, wanda shi ma asara ce ta kuɗi.

Wuri takwas aka ba mu, bakwai muka yi. Na farko wani ofishi ne, ƙafata rawa take, na shiga layin lid tun daga baitin farko kuma ban fito ba har aka gama, matar ba ta lura ba tana ta share hawaye amma mu mun sani. Na biyu da na uku da dama-dama. Matsalar ta zo ne bayan na biyar, motar lid ta ƙi tashi a wurin ajiye motoci, batir ya mutu, mun fi minti arba'in kafin a samu wanda zai ja mana wuta, kuma wuri na shida wata ma'aikaciyar jinya ce da ke tashi ƙarfe uku, kafin mu isa ta tafi. Mijin ya ji haushi kuma yana da gaskiya, an mayar masa da kuɗinsa, furen na nan a mota har dare. Laifinmu ne, da mun fito da mota biyu.

Na ƙarshe shi ba zan manta ba. Gidan kula da tsofaffi ne, wani dattijo ya biya don a yi wa matarsa, ta kai matsayin da ba ta gane shi. Ya sa kwat ya zauna kusa da kekenta. Waƙar tsohuwa ce tun ta zamanin iyayensu, muna cikin baiti na biyu sai bakinta ya fara motsi, kalma bayan kalma tana bi daidai, idonta a kan bango. Muryar lid ta karye, Baba ne ya riƙe mu daga ƙasa har muka kai ƙarshe. Ni dai hajiyata na tuna, yadda take waƙa ƙasa-ƙasa in tana tankaɗe. A mota ba wanda ya yi magana har muka rabu.

20 ga Fabrairu

Rabin zaman ya tafi a maganar kuɗi. Lid ya ce mai da batir duk shi ya ɗauka, Malam ya ce batir ai na motarsa ne, murya ta fara tashi. Na ce mu yi kamar adashi, kowa ya riƙa zuba dala 10 duk wata a ambulan, mai da takardu su fita daga ciki, kuma a ba lid dala 25 na man ranar. An yarda, ambulan yana hannuna. Waƙa kaɗan muka yi kuma ba ta yi daɗi ba, mutane in ransu a ɓace yake murya ba ta haɗuwa.

27 ga Fabrairu da 5 ga Maris

Atisaye kawai. Mun fara waƙa ta uku da ta huɗu.

12 ga Maris

An kama azumi, kuma an tura agogo gaba ranar Lahadi, don haka shan ruwa ya koma bayan bakwai da rabi, daidai tsakiyar atisayenmu. Na gwada rerawa da azumi a bakina, makogwaro a bushe, sautukan sama sun ƙi fita, sai ƙara. Malam ya ce kar in tilasta, zan ji wa kaina ciwo. Matarsa ta sauko da ruwa da dabino, ashe ta je ta tambaya a shagon Somaliyawa me ake buɗe baki da shi. Na yi magariba a ɗakin wankinsu. Mun yanke mu koma Lahadi da daddare, minti arba'in kawai bayan na sha ruwa, sannan in wuce asham. Ba fita ko'ina har bayan salla.

24 ga Maris

Baba ya tambaye ni yau ko mu ma muna da shagon aski da ake taruwa. Na ba shi labarin wanzami da zabirarsa, aski da ƙaho da cire belu, na ce amma wurin taruwar maza a wajenmu majalisa ce da teburin mai shayi. Ya ce to me ya sa kullum ni ke koyon nasu, in kawo tawa mana. Da wasa ya fara amma Malam ya ɗauka da gaske, ya ce in rubuta baiti in rera masa karin, shi zai raba shi huɗu.

Ba zan taɓa waƙar wani ba, na rubuta tawa, gajera, ta gaisuwar salla ga mutanen da ke nesa da gida. Layi shida ne. Na rera a waya na tura masa. Burina ƙaramar salla amma na san da wuya.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Jiya aka yi salla, waƙar ba ta kai ko'ina ba. Baba na kwance a asibiti tun ranar Asabar, ciwon huhu. Mun je mu uku yau, ya rame, ga robar iska a hanci. Shi ya tuna mana cewa yau ce ranar da aka kafa ƙungiyar tamu, Barbershop Harmony Society, a Tulsa ta jihar Oklahoma a 1938, wani lauya O. C. Cash da abokinsa Rupert Hall suka kira mutane su zo a rera kawai. Ya ce mu yi masa jela ɗaya. Muka yi a hankali mu uku, ba bes, kamar ɗaki ba daɓe. Ya ɗaga yatsa yana nuna inda ya kamata ya shigo. Na kai masa cincin da naman salla na kaza da maman yara ta soya, nas ta ce a bar naman tukuna. Allah ya ba shi lafiya.

30 ga Afrilu

An sallami Baba amma likita ya ce ya huta. Wani daga ƙungiya yana riƙe mana bes, ya iya sosai, ya fi Baba sanin takarda ma, sai dai ban saba da muryarsa ba, na koma zamewa cikin lid. Ga ƙurar furen itatuwa ta hana ni sakat, maganin mura dala 12.

Asabar, 18 ga Mayu

Kasuwar manoma, fitarmu ta farko a fili kuma ta farko tun dawowar Baba. Ba ta yi kyau ba, gara in rubuta yadda abin yake. An ajiye mu a tsakiyar fili tsakanin mai sayar da zuma da wata motar abinci da janaretonta ke ta ruri. A ɗakin Malam bango ne ke dawo mana da sautinmu, a nan iska ke kwashewa, ban ji Baba ba ko kaɗan duk da kafaɗarmu na gugar juna. Da na daina jin sa sai na ƙara ƙarfi, lid ma ya ƙara, Malam da siririyar muryarsa ya ɓace, kowa na ihu shi kaɗai. Janareton ma nasa sautin yake bayarwa, kunnena ya riƙa bin sa. A waƙa ta uku muka zame ƙasa sosai har Baba ya kasa kai nasa, numfashinsa bai gama dawowa ba, dole muka tsaya a tsakiya aka sake busa usur a gaban mutane. Wasu suka tafa don su ƙarfafa mu, wasu suka wuce abinsu.

Minti 45 aka ba mu, a 25 muka sauka. Na ji kunya ƙwarai, kuma na fi jin tausayin Baba don ya ɗauka laifinsa ne, alhali mu ne muka yi gaggawar fito da shi. An ba mu dala 60, na sa a ambulan.

Abin da muka yanke: ba za mu ƙara karɓar fili ba sai mun je mun ga wurin tukuna, dole bango ko rumfa a bayanmu, mu matso mu ɗan fuskanci juna, kuma in ba ma jin juna mu rage murya maimakon mu ƙara. Waƙoƙin da ke nutsewa ƙasa sosai Malam zai ɗaga su kaɗan saboda Baba.

28 ga Mayu

Atisaye a bayan gida da gangan, don mu saba da waje. Ya fi.

4 ga Yuni

Waƙar Hausar ta zo, Malam ya raba ta huɗu kuma ta yi kyau a kunne, amma akwai gyara babba. Na yi rikodin na kunna wa maman yara, ta saurara sau biyu ta ce wuyan wa kuke magana? Akwai layin da na ce nesa da gida akwai wuya, to shi Malam don sautukan su haɗu sai ya saukar da gaɓar ƙarshe ƙasa, ya zama wuya na jiki. Na koma na yi masa bayani cewa a Hausa hawa da saukar murya ma'ana ne, kuka na ido daban kuka ta miya daban, ba a juya su yadda aka ga dama. Ya yi shiru ya ce shekara talatin yana koyar da kiɗa bai taɓa aiki da harshe irin wannan ba. Muka zauna da fensir ina furta kowace gaɓa yana sa kibiya sama ko ƙasa.

Sai ƙarshen kuma, Allah ya maimaita mana. Su a al'adarsu ana son a ƙare can sama da ƙarfi, mu kuwa mana ɗin saukowa take. Na dage a kan wannan. A ƙarshe aka bar lid ya sauko yadda Bahaushe zai faɗa, Malam shi ya riƙe dogon sautin a sama. Ni a ganina ya ma fi daɗi.

Furuci kuma ana fama. Ɗ da ƙ sun gagara, na cire kalmomin da ke da su saura guda ɗaya. Barka suna taune r ɗin, sallah suna cewa sala, na ce su tsaya a kan l ɗin su daɗe. Abin da ya taimaka shi ne wasulanmu a buɗe suke, a ɗin Hausa in mu huɗu muka buɗe baki iri ɗaya muryar ta biyar fitowa take da sauri fiye da Turanci.

Laraba, 19 ga Yuni

An yi babbar salla Lahadi. Yau kuma hutun Juneteenth, ranar tunawa da 1865 da labarin 'yanci ya isa ga bayi a Galveston ta Texas. Wani ƙaramin laburare ya gayyace mu, ɗaki mai sanyi, mutum kamar hamsin. Waƙa biyar, ba tsayawa, mun zame kaɗan a ta huɗu kawai.

Kafin ta ƙarshe Baba ya yi magana. Ya ce mutane na ganin hoton fararen fata huɗu da hular kaba da riga mai ratsi su ɗauka nan abin ya fara, alhali baƙaƙen fata ne suka raine shi a shagunan aski da bakin titi a kudancin ƙasar tun ƙarshen ƙarni na 19, wani mai bincike Lynn Abbott ya tattara hujjojin a 1992. Louis Armstrong yana yaro a irin wannan rukuni yake rerawa a titunan New Orleans, Mills Brothers kuma 'yan nan Piqua ne a Ohayo, babansu mai aski ne. Sannan ya ba da labarin Grand Central Red Caps, 'yan dako ne a tashar jirgin ƙasa ta New York, suka ci gasar birnin a 1941 amma aka hana su shiga ta ƙasa saboda launin fatarsu, har Al Smith tsohon gwamnan New York ya fice daga ƙungiyar don haushi. Sai 1963 aka cire wannan shinge, a 2017 aka karrama su bayan duk sun rasu, mata kuma sai 2018 aka buɗe musu ƙofa. Ya ce babansa ya iya bes fiye da shi nesa ba kusa ba amma bai taɓa samun katin zama ɗan ƙungiya ba. Wata shida muna tare bai taɓa gaya min wannan ba. Na tsaya kusa da shi a waƙar ƙarshe ina jin muryarsa har cikin ƙirjina.

Asabar, 22 ga Yuni

Walimar sallar mutanenmu a wurin shaƙatawa, 'yan Najeriya da Nijar da Hausawan Gana, an kama babbar rumfa mai rufin katako, na je tun Alhamis na duba na zaɓi kusurwar da ke da bango. Zafi ake yi duk satin nan kamar Afrilun gida. Na fi jin tsoron yau fiye da duk fitar da muka yi, don waɗannan su suka san ni. Tun da safe Alhaji shugabanmu ya kira ni gefe ya ce, wai ni kam roƙo ka koma ne? Na ce a'a Alhaji, ba kirari ba zuga, gaisuwar salla ce kawai, ka saurara in bai yi ba ka tsayar da mu. Ya ce to bismillah.

Na ba su ukun huluna, Baba har da 'yar shara da na aro masa. Mun fara da ta Turanci ɗaya, yara suka matso, manya na ta hirarsu da cin nama. Da aka busa usur lid ya buɗe baki ya ce barka da sallah 'yan uwa, wurin ya yi tsit, wata hajiya ta ce la ilaha illallahu Bature ne ke Hausa. Layin nesa da gida ya fita daidai, na ga wani bawan Allah ɗan Maraɗi da ya shekara tara bai je gida ba ya sunkuyar da kai. A ƙarshe lid ya sauko, Malam ya riƙe sama, na sunkuyo da nawa, kuma ta fito, muryar nan ta biyar, a ƙarƙashin rufin katako a gaban mutanena. Ɗana na tsakiya ya ɗaga kai yana duban rufin. Mata suka rangaɗa guɗa, Malam ya firgita don bai taɓa ji ba.

Aka ce a maimaita. A karo na biyu mutane suka shigo da amshi, duk suka bi lid, haɗin ya nutse a cikinsu kuma ban damu ba ko kaɗan. Sai liƙi ya fara, ana manna wa Baba dala a goshi yana tambayata me zai yi, na ce ya tsaya kawai. Dala 143 aka tara. Mun yi shawara a take muka miƙa wa Alhaji a sa a asusun jana'iza na al'umma. Ya karɓa ya ce Allah ya yi albarka, sannan ya ce a gaya wa dogon nan sallah ake cewa ba sala ba.

Kuskure: mun yi sauri a baiti na biyu, kuma na shiga layin lid sau ɗaya a ta Turancin.

25 ga Yuni

Ambulan: an zuba 200 daga Fabrairu zuwa yau, da 60 na kasuwa, an kashe 171 a mai da takardu, saura 89.

Babban taron ƙungiya na bana a Cleveland za a yi a satin farko na Yuli, tafiyar awa biyu da ɗan kai ce daga nan, za mu je kwana ɗaya mu saurari gwanaye, da mota biyu. Gidan tsofaffin nan na Fabrairu sun nemi mu dawo a Agusta, minti 30, muna buƙatar ƙarin waƙa biyu. Malam na so in fara koyon karanta takarda, minti goma kafin kowane atisaye. Baba ya ce in rubuta baiti na biyu na Hausar, kuma wannan karon kar in cire ɗ da ƙ, zai koya. Har yanzu ba mu da suna, kowa ya zo da guda biyu Talata mai zuwa.